Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Lacca a kan Ƙananan Tsutsotsin Teku



Da aka nemi mu kawo wani abu daga cikin abin da muke karantawa a sashen ilmin dabbobi, sai muka zaɓi mu yi magana a kan waɗansu 'yan halittu waɗanda akasarinsu ba su kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Su ne ƙananan shimfiɗaɗɗun tsutsotsi da ke zaune a cikin rairayin bakin teku. Mun san wani zai ce, ina ruwanmu da tsutsar teku, alhali da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin tekun ba? Muna roƙo a yi mana haƙuri zuwa ƙarshen magana. Abin da muke so mu nuna shi ne yadda kamannin jiki ya ruɗi manyan masana fiye da shekara ɗari, da yadda aka gano kuskuren, da kuma inda zancen ya taɓa lafiyar mutanenmu.

Bari mu fara da mazauninsu. Idan mutum ya ɗebi jiƙaƙƙen rairayi a bakin teku, zai ɗauka ba kome a cikinsa sai yashi da ruwa. Amma fa tsakanin ƙwayar yashi da 'yar'uwarta akwai 'yan lunguna cike da ruwa, kuma a cikin lungunan nan dabbobi iri iri suke rayuwa. Adolf Remane na Jami'ar Kiel a Jamus shi ne ya jawo hankalin masana ga wannan mazauni tun wajen 1920 zuwa 1930 da 'yan kai. Masana kan tace su ne da rariya biyu: suna wucewa ta mai idon milimita 1, amma mai idon kimanin milimita 0.06 takan tare su. Tsutsotsinmu suna daga cikin manyan mazauna wannan wuri.

Kama su ma sai da dabara, domin suna manne wa yashi gam. Akan zuba wa rairayin ruwan gishirin magnisiyam, jikinsu ya saki, a girgiza, sa'an nan a tace. Kuma dole a duba su da ransu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, don da zarar an tsoma su cikin maganin adana gawa sai su dunƙule, siffarsu ta ɓace. Wannan yana cikin dalilan da suka sa saninsu ya yi jinkiri.

To, yaya ƙirar jikinsu take? Mu ɗauki guda ɗaya mu duba, watau Macrostomum lignano. Sunan nan kashi biyu ne, bisa tsarin da Liniyas na Suwidin ya kafa wa dabbobi a 1758: na farko sunan gida, na biyu sunan jinsin kansa. An samo wannan tsutsa a gaɓar tekun Adiriyatik kusa da garin Lignano na Italiya, aka kuma bayyana ta ga masana a 2005. Tsawonta wajen milimita 1.5 ne, ƙwayoyin halittar jikinta kimanin 25,000, jikin kuwa garau yake har ana hango kayan ciki.

Fatarta lulluɓe take da wani siririn gashi wanda yake kaɗawa ba tsayawa, da shi take sulalewa a cikin ruwa. Ɗan motsin da gashin nan yake tayarwa a ruwa shi ya sa Ehrenberg na Jamus ya raɗa wa irin waɗannan tsutsotsi suna Turbellaria a 1831, daga kalmar Latin mai ma'anar 'yar hargitsi. Ƙarƙashin fata akwai tsoka, wata ta kewaye jiki, wata ta bi tsawonsa. A gaba akwai 'yar ƙwaƙwalwa da idanu biyu masu rarrabe haske da duhu. Baki yana ta ƙasa, daga shi sai maƙogwaro, sai hanji mai kama da jaka. Hanjin ba shi da mafita ta baya, saboda haka abin da bai narke ba ta baki yake komowa. Ba ta da huhu, ba ta da jini. Ƙanƙantar jikinta ta isar mata, domin iskar numfashi tana ratsa fata ta kai ko'ina. Tana kuma da 'yan magudanai masu aikin ƙoda, waɗanda suke tace ruwan jiki. A riƙe wannan da kyau, don za mu komo kansa.

A wutsiyarta akwai gaɓoɓin mannewa fiye da 100. Kowace gaɓa tana da mafitar danƙo da kuma mafitar abin da ke warware danƙon, saboda haka tana iya kama ƙwayar yashi ta kuma sake ta nan take. Har ila yau, mata-maza ce: kowace guda tana da kayan haihuwa na namiji da na mace. Gaɓar namijin tana ƙarewa da wani tsinke mai tauri, wanda siffarsa ta bambanta daga jinsi zuwa jinsi. Sau da yawa tsutsotsi biyu sukan yi kama ƙwarai, sai an auna tsinken nan kafin a san ba jinsi ɗaya ba ne. Daɗin daɗawa, jikinta yana da ƙwayoyin halitta na ajiya masu iya zama kowane irin nama. In aka yanke mata wutsiya sai ta tsiro wata, amma in aka cire kai ba ya komowa.

Yanzu sai mu juya ga rarrabawa. Masanan ƙarni na 19 sun dubi hanji suka kasa tsutsotsin nan da shi. Masu miƙaƙƙen hanji kamar sanda aka kira su Rhabdocoela, masu hanji mai reshe uku Tricladida, masu rassa da yawa Polycladida. A 1870 wani Barashe mai suna Uljanin ya ware waɗansu da ba su da hanji sam, ya kira su Acoela, watau marasa rami a ciki. Abincin da suka haɗiya yakan shiga cikin wani curin nama ne a tsakiyar jiki, a can yake narkewa. Ba wanda ya yi shakkar cewa 'yan gida ɗaya ne da sauran, tun da ga su shimfiɗaɗɗu, ga gashi a fata, ga baki ta ƙasa, ga su mata-maza.

Mafi shahara a cikin marasa hanjin nan ita ce tsutsar Roscoff, wani gari a gaɓar arewa maso yammacin Faransa. Ludwig von Graff ya bayyana ta a 1891, yau kuma ana kiranta Symsagittifera roscoffensis. Tsawonta wajen milimita 4 ne, launinta kore shar. Idan teku ya janye da rana sai su fito dubbai su kwanta a kan jiƙaƙƙen yashi, mai wucewa ya ɗauka gansakuka ce. Da ruwa ya fara cikowa, ko aka buga ƙafa kusa da su, sai su nutse cikin yashi. Keeble da Gamble na Ingila sun nuna a farkon ƙarni na 20 cewa koren nan wani ɗan tsiro ne mai ƙwayar halitta ɗaya da ke zaune a jikin tsutsar. Ana ƙyanƙyasar ta ba launi, sai ta haɗiyi tsiron, shi kuwa ya zauna a cikinta yana sarrafa abinci da hasken rana, yana ci da ita. Babbar ba ta cin wani abinci dabam, ƙaramar da ba ta sami tsiron ba kuwa mutuwa take yi. A kanta akwai 'yar jaka mai ɗan dutse guda a ciki, da ita take sanin sama da ƙasa.

Sannu a hankali shakka ta fara shigowa. Marasa hanji ba su da magudanan nan masu aikin ƙoda, alhali sauran shimfiɗaɗɗun tsutsotsi suna da su. Da aka sami madubi mai aiki da lantarki, sai aka ga saiwoyin gashin fatarsu a sarƙe suke da juna kamar saƙar raga, ba kamar na sauran ba. Yadda ƙwansu yake rarrabuwa a farkon girma shi ma dabam ne. A 1999 masana daga Basalona ta Sifen da Landan suka gwada sinadarin gado na jikinsu da na sauran dabbobi, suka sami cewa marasa hanji ba sa cikin rukunin shimfiɗaɗɗun tsutsotsi ko kaɗan. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da haka. Ashe shekara 129 ke nan suna zaune a gidan da ba nasu ba.

To, su wa ne danginsu? Amsar ta ɓullo daga wata dabba da Sixten Bock ya haƙo daga ƙarƙashin teku a yammacin Suwidin a 1915, wadda Einar Westblad ya bayyana a 1949 da suna Xenoturbella bocki. Farkon sunan yana nufin baƙuwar tsutsa. Jaka ce kawai mai baki, ba ƙwaƙwalwa, ba idanu, ba ƙoda. A 1997 aka buga sakamakon da ya nuna wai dangin makankari da katantanwa ce. Sai a 2003 aka gano cewa sinadarin gadon da aka auna na abincin da ta ci ne, domin ƙananan makankari take ci. A lura da kyau: ido ya ruɗi na farko, na'ura kuma ta ruɗi na baya, don ba su tsarkake abin da suka auna ba. A 2011 aka haɗa ta da marasa hanji da wani ɗan ƙaramin rukuni mai duwatsu biyu a jakar kai, aka kira su gaba ɗaya Xenacoelomorpha. A 2016 kuma aka bayyana sababbin jinsuna 4 na Xenoturbella daga zurfin tekun Fasifik, babbar cikinsu ta kai santimita 20.

Gardamar da ta rage ita ce matsayin wannan rukuni a cikin dangantakar dabbobi. Wani bincike na 2016 ya ce su ne reshen da ya fara rabuwa daga dukkan dabbobi masu gefen dama da na hagu. In haka ne, sauƙin ƙirarsu tun asali ne, kuma suna nuna mana kamannin farkon irin wannan jiki. Binciken 2011 da wani na 2019 kuwa sun ce kusancinsu da tauraron teku ne, wanda ke nufin kakanninsu suna da gaɓoɓin da su suka rasa daga baya. Har yanzu masana ba su daidaita ba.

Saura tambayar da muka fara da ita: ina ruwanmu? Kamar yadda aka fitar da baƙi daga gidan, haka kuma aka gano cewa an raba 'yan gida na ainihi da juna. Tsohon tsari ya ajiye Turbellaria masu zaman kansu a aji ɗaya, ya ajiye masu zama a jikin wasu a azuzuwa dabam. A 1985 Ulrich Ehlers na Jamus ya nuna cewa tsila, da tsutsar hanta da ke addabar shanu da tumaki, da tsutsar tsargiya, duk reshe ɗaya ne da ya tsiro daga cikin masu zaman kansu. Ya kira su Neodermata, watau masu sabuwar fata. Binciken 2015 ya nuna cewa mafi kusa da su ita ce wata 'yar tsutsar ruwan daɗi mai suna Bothrioplana.

Shaidar wannan dangantaka tana nan a kududdufanmu da madatsan ruwanmu. Tsutsar tsargiya, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, tana yin ƙwai a jijiyoyin jinin mutum. Ƙwan yakan fita cikin fitsari ko bayan gida, in ya faɗa ruwa sai ya ƙyanƙyashe ɗa mai gashi a fata, yana iyo daidai da 'yan'uwansa na teku. Da ya sami katantanwa ya huda ta ya shiga, sai ya zubar da fatar nan mai gashi ya yi sabuwa. Wannan irin sabuwar fata ce take taimaka wa manyan tsutsotsin su tsotsi abinci, su kuma jure wa kariyar jikin mai masaukinsu. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tsargiya ta fi yi wa ɓarna a duniya, kuma kusan kowa a nan ya san yaron da ya yi fitsarin jini bayan wankan rafi. Mai son sanin yadda fata da tsoka da ƙwayoyin ajiya na wannan tsutsa suke aiki yakan sami haske daga danginta masu zaman kansu, waɗanda ake iya kiwo a cikin ɗan kwano ba tare da katantanwa ko jikin wata dabba ba. Amma sai an san wane ne dangi na gaskiya. Wanda ya ɗauki tsutsar Roscoff a matsayin 'yar'uwar tsutsar tsargiya, don kawai dukkansu shimfiɗaɗɗu ne, ya yi awo da mudun da ba daidai ba.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, rarraba halittu ba haddar sunayen Latin don cin jarrabawa ba ce, kamar yadda da yawanmu suka ɗauka. Kowane suna da'awa ce a kan dangantaka, kuma ana iya rushe ta da hujja. Iyayenmu sun ce kama da wane ba wane ba ne, ga shi kuwa tsutsar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba ta gaskata su. Shawararmu ga masu neman abin da za su yi bincike a kai a shekarar ƙarshe ita ce su tuna cewa ƙananan tsutsotsin gaɓar tekun Afirka ta Yamma, da na tafkuna da kogunanmu, ba a bincike su ba kamar yadda aka binciki na Turai. Aikin farko ba ya bukatar kayan tsada, sai rariya, da madubin ƙara girma, da fensir, da haƙurin zama a zana abin da ido ya gani.