'Yan Matan Jami'ar Howard da Suka Kai Asibiti Gona

Yau hirarmu ta tsallaka teku zuwa Amurka.

A birnin Washinton akwai Jami'ar Howard, wadda aka kafa a 1867, bayan an 'yanta bayi, ta zama gidan ilimin baƙar fata. A can ne, ran 15 ga Janairu 1908, wata ɗaliba mai suna Ethel Hedgeman ta tara 'yan uwanta mata suka kafa ƙungiyar zumunci, suka raɗa mata Alpha Kappa Alpha. Ita ce ta farko irinta ta mata baƙar fata a jami'o'in ƙasar. Wanda ya san adashi ya san tushen abin: a haɗa kai, a haɗa kuɗi, a rufa wa juna asiri.

To, zo mu zauna, zo mu saɓa. A 1912 wasu suka ce a canja suna da launi da tafiyar ƙungiya. Nellie Quander, tsohuwar shugaba, ta ce atafau. Mata 22 suka fice, suka kafa tasu, Delta Sigma Theta, ran 13 ga Janairu 1913. Ita kuwa Quander ba ta tsaya cacar baki ba. Ran 29 ga watan nan ta yi wa tsohuwar ƙungiya rajista a hukumance. Takardar nan ce ta tsare sunan har yau. 'Yan ƙungiyar kasuwa da ta makiyaya, kun ji ko?

Rabuwar ma ba ta zama asara ba. Cikin Maris 1913 waɗanda suka fice suka shiga jerin gwanon mata masu neman 'yancin jefa ƙuri'a.

Ga inda labarin zai taɓa ku. A 1935 ƙungiyar farko ta tura Likita Dorothy Ferebee jihar Misisifi, wajen baƙar fata masu noman auduga a gonakin Turawa. Masu gonaki suka hana ma'aikata barin aiki su je wurin magani. Me matan suka yi? Suka loda allurai a motocinsu, suka bi mutane gona gona, suna yi wa yara rigakafin agana da mashaƙo. Wanda bai iya zuwa asibiti ba, asibiti ya je masa. Duk uwar da ta taɓa jiran masu allura a ruga ta san darajar wannan.

Daga reshen nan na Howard ne Kamala Harris ta shiga ƙungiyar a 1986, ta zo ta zama mataimakiyar shugaban Amurka a 2021.

Ku rubuta sunayenku, ku riƙe takardunku, kuma taimakonku ya kai wa na nesa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.