Wa Annabi Yake Nufi? Tawali'u da Tuba a Cikin Annabcin Hukunci

Laccar da aka gabatar a gaban taron Kirista ma'aikata da ɗalibai na yankin Gwandu da Kalgo, Jihar Kebbi

 

An nemi in yi magana a kan annabce-annabcen hukunci da ke cikin Littafi Mai Tsarki da abin da suke koya wa mai bi. Tambaya ɗaya zan riƙe har in zauna: idan muka ji annabi yana shelar bala'i, fuskar wa take faɗo mana a rai? Yawancinmu ta wani muke gani. Wani shugaban ofishinsa yake gani, wata kishiyarta, wani kuma mutanen da ba addininsu ɗaya ba. Annabawan kuwa sun san wannan hali na ɗan Adam, har wani daga cikinsu ya ɗana wa masu sauraronsa tarko da shi.

Tarkon Amos

Amos makiyayi ne daga Tekowa, wani ƙauye a kudancin Baitalami cikin ƙasar Yahuza. Wajen shekara ta 760 kafin haihuwar Almasihu ya hau arewa zuwa masarautar Isra'ila, zamanin Sarki Yerobowam na biyu. Lokacin wadata ne. Attajirai na da gidan rani da gidan hunturu, ana ƙawata ɗakuna da hauren giwa, wurin sujada na Betel kuma cike yake da masu kawo hadaya.

Ku duba yadda ya tsara wa'azinsa a sura ta 1 da ta 2. Ya fara da Dimashƙu saboda ƙetar da ta yi wa mutanen Gileyad. Ya koma kan Gaza da Taya saboda cinikin bayi. Ya taɓa Edom da ta bi ɗan'uwanta da takobi, ya taɓa Ammon da ta farke mata masu ciki a yaƙin faɗaɗa iyaka, ya taɓa Mowab. Duk waɗannan abokan gaban Isra'ila ne, don haka babu shakka jama'a sai gyaɗa kai suke yi, suna jin daɗin wannan baƙon mai wa'azi. Da ya zo kan Yahuza, ƙasarsa ta haihuwa, daɗin ya ƙaru. Sai da ya gama zagaye su da maƙwabta ta kowace kusurwa, sannan ya juyo kansu, kuma tuhumar da ya karanta musu ta fi ta kowa tsawo.

Laifuffukan da ya lissafa musu na kasuwa ne da kotu da cikin gida. Ana sayar da talaka bawa a kan bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba. Ana karɓar rigar matalauci jingina, a shimfiɗa ta a kwanta a kai a gefen bagade. A sura ta 8 ya kwatanta 'yan kasuwar da ke ƙagara ranar hutu ta wuce su koma su rage mudu, su ƙara farashi, su haɗa da ƙaiƙayi. A sura ta 5 ya ce Ubangiji ya gaji da idodinsu da waƙoƙinsu tunda babu adalci a ƙofar gari. A sura ta 3 kuma ya rushe abin da suke taƙama da shi: zaɓen da Allah ya yi musu shi ne dalilin da zai fi tsananta musu bincike.

Amaziya, firist na Betel, ya kai ƙarar Amos wurin sarki, ya kuma ce wa Amos ya koma ƙasarsu ya ci abincinsa a can. Amos ya tafi ko bai tafi ba, maganarsa ta zauna. A shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu Assuriyawa suka ci Samariya, suka kwashe mutanenta.

Mu da muke marasa rinjaye

'Yan'uwa, wannan darasi ya fi shafarmu fiye da yadda muke zato. A Gwandu da Kalgo mu ƙalilan ne, kuma wasunmu sun san ɗacin neman filin majami'a ko gurbin aiki a sha wuya. Ba na raina wannan ɗaci. Sai dai wanda aka taɓa zalunta yana da wata jarrabawa tasa ta daban: yakan ɗauka tunda an cuce shi, shi ba ya cutar kowa. Daga nan sai ya mai da Littafi makamin jifa. Bahaushe ya ce laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani.

Annabi Yunusa ya faɗa wannan rami. An aike shi Nineba, babban birnin Assuriya, wanda kufansa ke nan har yau a ƙetaren kogin Tigiris daura da Mosul a ƙasar Iraƙi. Ya gudu, aka komo da shi, ya yi shelar cewa saura kwana arba'in a kife birnin. Mutanen suka tuba tun daga sarki har talaka, Allah ya janye hukuncin. Mai wa'azin da ya kamata ya yi murna sai ya fita bayan gari yana fushi, har yana roƙon mutuwa, don shi halakarsu ya zo gani. A ƙarshen littafin arnan Nineba sun gyaru, annabin ne ake ta lallashi. Duk wanda ke karanta annabcin hukunci yana jin sanyi a ransa don wasu za su sha wuta, to a kujerar Yunusa yake zaune.

Nineba ma ba ta gaji tubar kakanninta ba. Daga baya Annabi Nahum ya sake yi mata shela, kuma a shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu Babilawa da Mediyawa suka rushe ta. Tuba ba gadon gida ba ce. Mahaifinka na iya zama cikin masu bi na farko a garinku, kai kuma a same ka da hannu dumu-dumu cikin abin da ya bari.

Abin da ƙasarmu ta gani

Ba sai mun je Iraƙi neman kufai ba. A ƙarni na 16 Kanta ya tsaya wa rundunar Songhai, ya kafa daular Kabi, ya gina Surame da ganuwar dutse. Yau sai dai masu binciken tarihi su je su auna katangun. Ban ce hukunci ne ya faɗa wa Surame ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da na ce shi ne ganuwa ba ta dawwama, ko ta wace ce. Annabi Irmiya ya yi irin wannan nuni a sura ta 7, lokacin da mutanen Urushalima suke ganin Haikali zai kare su ko me suka aikata. Ya tura su su je su kalli abin da ya rage na Shilo, inda akwatin alkawari ya taɓa zama.

Akwai kuma abin koyi a tarihin garin Gwandu kansa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke garin, ya ga son duniya da neman mulki sun fara shiga jama'ar da shi da kansa ya yi yaƙi dominta. Bai rufe ido don nasa ne ba. Ya bar su ya nufi gabas, ya tsaya a Kano, inda ya rubuta littafin Diya'ul Hukkam a kan yadda ya kamata masu mulki su riƙe amana, kafin ya komo. Addininmu da nasa ba ɗaya ba ne, amma mutumin da ya iya duban ɓangarensa ya faɗi aibinsa ya cancanci mu ambace shi da girmamawa, mu kuma tambayi kanmu ko muna da irinsa a majami'unmu.

Idan masifa ta sauka

A damina ta 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan. Ruwan bai tambayi sunan mai gona ba, ya bi ta Musulmi, ya bi ta Kirista. Duk da haka a irin wannan lokaci ba a rasa masu cewa ai zunubin su wane ne ya jawo. An kawo wa Yesu irin wannan zance a Luka sura ta 13, game da Galilawan da Bilatus ya kashe. Shi da kansa ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Ya ƙi yarda cewa waɗanda suka mutu sun fi sauran zunubi, ya kuma mai da maganar kan masu tambayar, ya ce su ne za su tuba. Wannan ita ce ƙa'idar mai bi. Masifar maƙwabci dalili ce ta kai masa buhun hatsi da bincikar zuciyarka, ba ka da izinin zama alƙalinsa.

Yadda tuba take a aikace

Mun saba da tubar da ke ƙarewa a gaban bagade: a fito, a durƙusa, a yi hawaye, fasto ya yi addu'a, a koma gida. Annabawa sun nemi fiye da haka. Da Daniyel ya fassara wa Sarki Nebukadnezzar na Babila mafarkinsa a sura ta 4, shawarar da ya ba shi ita ce ya daina zalunci ya ji ƙan matalauta. Sarki ya yi wata goma sha biyu bai ji ba, har ranar da yake yawo a kan soron fadarsa yana yabon kansa da ginin Babila, hankalinsa ya gushe. Girman kai rawanin tsiya. Zakka mai karɓar haraji a Yariko kuwa ya ji, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu.

To mu sauko kasuwa. Kun san tiyar da aka bubbuga gindinta ya shige ciki, ta yadda ido zai ga ta cika ta yi tozo amma awon bai kai ba. Kun san mai awo da ke da kwano biyu, babba na saye a hannun manomi, ƙarami na sayarwa. Kun san buhun albasa da aka jera manya a baki, aka cusa ƙanana da masu ruɓa a tsakiya. Idan mai yin haka yana cikin ƙungiyar mawaƙa ranar Lahadi, Amos da shi yake.

A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a jihar nan, kuma sanin kowa ne cewa da yawa sun karɓa ba su biya ba, suna cewa rabonsu ne na gwamnati. In akwai ɗanmu a cikinsu da yake da halin biya ya ƙi, to bashi na kansa. Haka ma'aikacin da ke danne fayil sai an ba shi na goro, da malamin da ke sayar da maki, da ɗalibin da ke shiga jarrabawa da satar amsa, da uwar gidan da ke riƙe wa 'yar aiki albashin wata uku. Mu shugabannin ikkilisiya ma ba mu fita ba: kuɗin baiko da ba a karanta lissafinsa a gaban jama'a, da kujerar gaba da ake ajiye wa mai kuɗi ko da kowa ya san inda ya samo su.

Don haka ga abin da nake roƙo. Duk lokacin da ka karanta annabcin hukunci, ka fara sa sunanka da na majami'arka a ciki kafin na kowa. Kafin Lahadi mai zuwa ka nemi mutum ɗaya da ka san yana da hakki a kanka, ka mayar masa, ko Kirista ne ko Musulmi, ka kuma nemi gafararsa da bakinka. Dattawa kuma su sa ranar karanta lissafin kuɗin ikkilisiya a fili. Annabawa sun yi shelar hukunci ne tun yana nesa don a sami damar kauce masa, kuma damar tana hannunmu yau.

 Ubangiji ya ba mu zuciyar karɓar gyara. Amin.