Jawabi a kan shirya ziyarar yini ɗaya daga Magarya zuwa duwatsun Damagaram da tafkin Gidimuni



Ƙasar Magarya da Dungas ƙasa ce ta rairayi da fadama. Yaro kan girma a nan har ya gama lakwal bai taɓa hawa dutse ba, alhali duwatsu da tafki suna nan arewa da shi, tafiyar yini ɗaya. Masu ilimin ƙasa sun nuna cewa manyan duwatsun Zinder narkakken dutse ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa. Tsaunukan Muniyo kuwa, wajen Gure, akwai ragowar duwatsu masu aman wuta a cikinsu, waɗanda suka mutu kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce.

Sai dai Gure ta yi nisa. Wanda ya ce zai kai yara can ya komo da su a yini guda, dare zai riske shi a hanya. Abin da ya fi shi ne a tashi da an sallame sallar asuba, a bi ta Bande da Dogo, a isa Zinder da hantsi, a hau duwatsun Birni kafin rana ta gasa su. Daga nan a miƙi hanyar gabas, a ratsa Mirya, a sauka Gidimuni kafin azahar.

Gidimuni ita ce ta cancanci a daɗe. Tafki ne kwance tsakanin tuddan rairayi, dabino da rake da lambuna sun kewaye shi, tsuntsayen Turai na sauka a kansa lokacin ɗari. A shekarar 2019 aka sa shi cikin jerin wuraren ruwa na yarjejeniyar Ramsar. Ɗan manomin fadama zai ga aikin da ya sani a gida, a hannun wasu mutane, a bakin wani ruwa.

Disamba ko Janairu ya fi dacewa. A ɗauki ruwan sha da guzuri daga gida, kowane babba ya riƙe katin shaidarsa, a fara kai gaisuwa wurin sarkin gari kafin a doshi bakin tafki, don baƙo ba ya shiga gari ta bayan gida. Kada a bar yara su yi wanka, ruwan kwance yakan ɗauke da tsargiya.

Da an yi la'asar a juyo, ko da yara suna roƙon a ƙara musu lokaci. Direban da ya yi yini yana tuƙi bai kamata ya haɗu da duhu da amalanke maras fitila tsakanin Dogo da Bande ba.