Jawabin Taron Ƙungiya: Dutse Ba Birki Ba Ne

Iyayenmu, malamai da 'yan'uwa 'yan kasuwa mazauna Sabo, yau a kan birkin hannu za mu yi magana.

Ibadan gari ne mai tudu da gangare, ga yawan ruwan sama. Danshi kan shiga kuben wayar birkin, ta yi tsatsa, ta cije ko ta tsinke. Mu kuwa sai mu kara wa taya dutse mu shige gida, alhali ga yaranmu suna wasa bayan motar.

To, mai son canja wayar da kansa, ga abin da muka koya. A ajiye motar inda ba gangare, a tokare tayoyin gaba, domin a yawancin motoci na baya birkin hannu ke kamawa. Kada a shiga ƙarƙashi tana kan jak kaɗai, sai an ƙara katako mai kauri. A tafi kasuwa da tsohuwar wayar don gwada tsawo.

Takalman birki kuwa hagu da dama tare ake canjawa, amma a gama gefe guda kafin a kwance ɗayan, don a ga yadda sifirin ya zauna. Kada a hura ƙurar da baki, tana cutar huhu. In an gama, a gwada a ɗan gangare, ba kaya, ba fasinja. Abin da ya gagara, a kai wa bakanike.

Malamanmu sun koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Allah ya tsare mu. Wassalam.