ƘWAYOYIN DA KE ZUWA MANA DAGA SAMA

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani ɗan'uwa malamin kimiyya ya gabatar wa ɗalibai matasa. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), malamin ya tambayi 'yan'uwa ko sun san a zaunen da suke akwai abin da ke ratsa jikinsu ba su ji ba. Ya ce wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira nutirino, masu fitowa daga cikin rana. A kowace daƙiƙa kimanin biliyan 65 ne ke ratsa wuri mai faɗin farce, dare da rana, domin ita kanta ƙasa ba ta iya tare su.

Ya ci gaba da cewa wannan fage ya faro ne a 1912, lokacin da Victor Hess, mutumin Ostiriya, ya hau balan-balan ya yi sama fiye da mita 5,000 da na'urarsa. Sai ya ga yana ƙara nisa da ƙasa, abin da take aunawa yana ƙaruwa, alamar wasu ƙwayoyi na zubo mana daga sararin samaniya.

Ita kuwa nutirino, in ji shi, a 1930 aka yi hasashenta, amma sai a 1956 aka tabbatar da ita. A Japan akwai tanki mai ruwa tan 50,000, mita 1,000 a ƙarƙashin dutse, an kewaye cikinsa da na'urori kimanin 11,000. Dutsen yana tare sauran ƙwayoyin, nutirino ta wuce. In an dace ɗaya ta bugi ruwan, sai ɗan haske ya fito, na'urorin su kama.

Ya ƙara da cewa a Fabrairun 1987, ƙwayoyi ashirin da 'yan kai daga wani tauraro da ya fashe suka faɗa irin waɗannan na'urori, bayan tafiyar shekara kusan 168,000.

Daga nan ya ja kunnen masu barin makaranta da sunan gwagwarmaya. Ya ce waɗansu sun yi shekaru 26 suna neman ƙwayar da ba su taɓa gani ba, ina kuma ga wanda aka umarta da tunani a kan halittar sammai da ƙasa? Ya yi kira ga kowa ya riƙe lissafi da kimiyya tare da karatun addini, sannan ya rufe da addu'a.