Jawabi a kan Zaɓen Duƙushi don Bargar Sarki

  

Dokin da ya ɗauko sarki a wannan biki, yana takama cikin ƙarar kakaki da tambura, wata rana duƙushi ne mai dogayen ƙafafu yana bin goɗiya. Wani ne ya dube shi a lokacin, ya ce wannan na barga ne. A fada wannan aiki na Shamaki ne da muransa, kuma aiki ne mai nauyi, domin dokin da ya firgita da sarki a gaban jama'a ranar salla ya jawo abin kunyar da za a daɗe ana faɗi.

Mai saye a kasuwa launi yake fara tambaya: akawal ne, kili ne, ko danda? Shamaki kuwa uwa yake fara tambaya. Goɗiya takan ɗauki ciki wata 11, ta shayar kamar wata 6, kuma abin da take gudu shi ɗanta zai koyi gudu. Asali ma yana da daraja, shi ya sa sunan dokin Azbin ya daɗe a bakin mahaya. Amma asali ba ya gyara karkatacciyar ƙafa.

Daga nan sai haƙora, don dillali yana iya ƙara wa duƙushi shekaru da baki. Haƙoran nono na tsakiya suna faɗuwa a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. A shekara 5 baki ya cika. Tsayi kuma ana iya kintatarsa da igiya. Idan duƙushi ya shekara, a auna daga inda ƙafar gaba ta haɗu da ƙirji zuwa gaɓar da ke bisa kofato, sannan a juya igiyar sama. Inda ta tsaya, kusan nan kafaɗarsa za ta kai.

Ƙafa ita ce babbar magana. A tsayar da shi a ƙasa mai tauri, a dube shi ta gaba da ta baya, a kora shi ya tafi ya dawo. Wanda ƙafafunsa ke gogar juna zai ji wa kansa rauni. Dokin sukuwa yana son ƙirji mai zurfi, da manyan ƙofofin hanci, da dogon taki. Dokin jahi, wanda zai zo a guje ya yi zamiya a gaban sarki, ƙarfinsa a cinyoyi da gwiwoyin baya yake, da gajeren gadon baya. Mai ɗaukar lifidi sai ingarma. Dokin sarki kuwa, ko ya fi kowa kyau, in ba shi da sanyin rai bai cancanta ba. Ana gwada shi tun yana ƙarami: a kaɗa ganga kusa da shi, a girgiza riga. Wanda ya zabura sannan ya dawo yana sansana, ana sa rai da shi. Wanda ya tsinke ragama ya bar wurin, sai a nema masa wani aiki.

Abin takaici, gaggawa ta lalata dawaki da yawa da aka zaɓa daidai. Samari sukan ɗora wa ɗan shekara 2 sirdi da linzami mai kaifi don salla ta matso, alhali ƙashin bayansa ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 5 zuwa 6. A barga mai tsari, ragama yake fara sabawa da ita, ana jan sa a bayan manya ranar hawa, ya sha hayaƙin bindiga ba kowa a kansa. Ana ba shi harawa da dusa da ɗan kanwa, ana jira.