Kafin a fita tambayar jama'a buƙatunsu: jawabi ga wakilan makiyaya

 

An ɗora mana aikin zagaya yankin Dakoro da Bermo domin jin abin da jama'a ke buƙata. Ina roƙonku kada mu yi shi yadda aka saba, wato a zo da mota, a sauka ƙofar mai gari, a tara mutum ashirin, a rubuta abin da suka faɗa, a koma. Wanda ke gari a ranar shi ne manomi da ɗan kasuwa. Makiyayi yana daji bayan dabbobinsa. Daga baya sai a ce jama'a sun nemi rijiya a tsakar gari, alhali ƙishirwa tana can wajen kiwo.

Saboda haka lokaci ne farkon shawara. Da damina garke ya yi arewa, wasu har Ingal wajen cin gishiri. Bayan girbi ya gangaro kudu cin kara da harawa, wasu su ƙetare iyaka zuwa Najeriya. Ni a ganina da rani za mu fi samun mutane, a bakin rijiyoyi da tashoshin famfo, sai kuma ranar kasuwa. Amma mai shayar da dabba ba shi da lokacin hira, a jira shi ya gama ja.

Sai maganar harshe. Yankinmu akwai Fulani, akwai Wodaaɓe, akwai Buzaye, akwai Hausawa manoma. Kusan kowa na jin Hausa, gaskiya ne, amma Hausar ciniki daban, ta faɗin damuwa daban. Kowace tawaga ta tafi da mai Fulatanci da mai Tamashek, kuma da mace a ciki. Matan ruga ba za su yi magana gaban surukai ba, nono da man shanu da lafiyar yara kuwa a hannunsu suke.

Kada wanda ya buɗe baki da tambayar yawan shanu. Tsoron jangali bai fita zukata ba, kuma Bafulatani ba ya ƙirga garkensa gaban baƙo. A tambaye shi inda ya sha ruwa bara, nawa ya biya, wane burtali ya tarar an nome, wace cuta ta taɓa shi, nawa buhun dusa ya kai. Waɗanda suka rasa dukiya a farin 1973 da na 1984, har suka koma kiwon dabbobin wasu, a zauna da su daban. Gaban mai dabbobin ba za su faɗi kome ba.

Manoma ma za mu je wurinsu. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar tsarin karkara ta 1993 da ta kiwo ta 2010 sun amince da haƙƙin makiyayi na tafiya da dabbobinsa. Amma burtali ba ya buɗuwa sai an zauna da wanda gonarsa ke gefensa, kuma hukumomin kula da filaye ba za su karɓi rahoton ɓangare ɗaya ba.

Idan an gama rubutu, za mu koma rijiyoyin nan mu karanta wa mutane abin da aka rubuta da sunansu, su gyara, kafin takarda ta tafi Maraɗi ko Yamai. Kowane ardo ya ba sakatare sunayen rijiyoyin yankinsa kafin a watse.